Kwamfuta Ta Fi Tsoron Dawowar Wuta A Kan Ɗaukewarta

A yawancin unguwanninmu, da zarar an kawo wuta sai ihun yara ya tashi, kowa ya nufi soket: mai caja, mai dutsen guga, mai firji. A daidai wannan lokacin ne kuma kayan lantarki suka fi ƙonewa. Ɗauke wuta na da tasa illar, za mu zo kanta, amma ba kasafai take kashe na'ura ba. Dawowar ce abin tsoro, musamman daƙiƙun farko, lokacin da unguwa guda ta ɗora wa taransifoma kaya a lokaci ɗaya, ƙarfin wutar na hawa yana sauka kafin ya tsaya.

Wutar gida a Najeriya da Nijar an tsara ta ne ta zo da ƙarfin bolt 220 zuwa 230. Kwamfuta kuwa ba ta cin wannan wuta kai tsaye. A cikin ta tebur akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka ta baya, wanda masu gyara ke kira fawa fak, aikinsa shi ne ya rage wutar zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, abin da kayan ciki ke iya ɗauka. A laftof, caja ce ke fara wannan aiki. Saboda haka su ne ke shan dukan farko, kuma sau da yawa su kaɗai ne ke mutuwa. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin duk wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi, don kuɗin fawa fak ko caja bai kai ko kusa da na babban allon da ke ciki ba.

Mutane kan ce "wuta ce ta yi ƙarfi," amma a ƙarƙashin wannan magana akwai cututtuka daban-daban. Akwai bugun da ke zuwa ya wuce cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, irin wanda tsawa ke haifarwa da damina, ko wanda ke biyo bayan kashe babban injin niƙa ko na walda a layinku. Tsawa ma ba sai ta bi ta soket ba, tana iya shigowa ta wayar intanet ko ta eriya. Akwai kuma rabin wuta, wadda ƙwan fitila ke yin ja, fanka na juyawa da ƙyar. Ita ba ta kisa nan take, sai dai tana sa fawa fak ya ja wuta fiye da ƙima, ya yi ta zafi, ya tsufa kafin lokacinsa.

Wadda ta fi su ɓarna a wurinmu, kuma aka fi jahilta, ita ce tsinkewar wayar nutural. Taransifoma na fitar da layuka uku masu wuta da waya ta huɗu, wato nutural, da ke daidaita su. Tsakanin kowane layi da wannan waya ta huɗu akwai bolt 230, amma tsakanin layi da layi akwai wajen 400. Idan wayar ta tsinke, ko mahaɗinta ya yi tsatsa ya saki, ko ɓarayin tagulla suka yanke ta da dare, sai ma'aunin ya lalace. Gidajen da ke kan layin da ya fi kaya su ga wuta ta yi ƙasa, waɗanda ke kan layin da ba kaya sosai kuwa wutarsu ta haura, tana iya kusantar 400, kuma ba wucewa za ta yi ba, zama za ta yi har sai an gyara. Shi ya sa za ka ji an ce a dare ɗaya gidaje goma sun yi asarar talabijin da caja da firji, alhali maƙwabtansu na tsallaken titi ba abin da ya same su. Alamarta ba ta ɓuya: ƙwai ya yi wani irin haske mai kashe ido, fanka ta ɗau gudu da ƙara. Wanda ya ga haka kada ya tsaya kashe kaya ɗaya bayan ɗaya, ya nufi babban makunnin gida ya sauke shi.

Janareta ma ba shi da gaskiya a wannan shari'a. Ƙananan nan da ake saye saboda araha ba sa riƙe ƙarfin wuta a wuri guda. Idan mai ya kusa ƙarewa injin ya fara shaƙewa, wutar na rawa tare da shi, haka nan idan aka cire masa babban kaya kwatsam sai ta yi sama. A bar shi ya ɗan yi gudu ya daidaita kafin a ɗora masa kwamfuta, a kuma cire ta kafin a kashe shi.

To me ke karewa? A nan ne ake yawan zubar da kuɗi a banza. Ekstenshan mai jar fitila da maɓalli ba kariya ba ce, soket ne kawai aka yawaita. Ta ainihi mai kare bugun wuta tana da wani ɗan ƙwaya a ciki da ke karkatar da bugun zuwa ƙasa, kuma duk bugun da ya sha yana rage masa kwana, har wata rana ya daina aiki, ekstenshan ɗin kuwa na ci gaba da ba da wuta kamar ba abin da ya faru. Sannan tana buƙatar gidan ya kasance yana da wayar ƙasa ta gaske. Gidaje nawa ne a garuruwanmu ramin soket na uku ba a haɗa shi da komai ba? A kira mai wayarin ya auna, ba a gane wannan da ido. Ko da ta cika duk waɗannan sharuɗɗa, ba za ta iya da tsinkewar nutural ba, ita ma ƙonewa za ta yi. Maganin wannan shi ne na'urar da ke yanke wuta gaba ɗaya idan ta wuce iyaka ko ta yi ƙasa da yawa, ta kuma jira na ɗan lokaci bayan an dawo da ita kafin ta saki. Irin wadda ake sa wa firji ke nan, akwai kuma babba da ake sa wa gida duka. A ganina, ga mai zama a nan, ita ce abin fara saye. Sitabilaiza tana da amfani a kan rabin wuta, amma tana da nawa, bugu mai sauri ya riga ya wuce kafin ta motsa. Mafi yawansu na da maɓallin jinkiri, wanda mutane ke kashewa saboda gajen haƙuri. A bar shi a kunne.

UPS kuwa, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta yanke, aikinsa daban ne. Fawa fak na iya riƙe kwamfuta na wajen kashi 16 cikin 1,000 na daƙiƙa bayan wuta ta yanke, UPS kuma yana karɓa kafin wannan ɗan lokaci ya cika. An yi shi ne don ka samu 'yan mintuna ka adana aikinka ka kashe kwamfuta yadda ya dace, ba don ka ƙarasa buga takardun kwastoma yana ta kuka ba. Batirinsa na dalma ne mai bolt 12, ana ƙiyasta masa shekara 3 zuwa 5 a ɗaki mai sanyin digiri 25. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda watan Afrilu ke wuce digiri 40, kada a sa ran zai kai haka. Abu na biyu da ke kashe shi shi ne a bar shi a ƙare ba caji. Lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu a watan Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin, duk batirin da aka tsotse ƙarƙaf a ranar farko aka ajiye, da wuya ya koma yadda yake. Kuma kada a haɗa firinta mai aiki da zafi a jikin UPS, ta fi ƙarfinsa.

Illar ɗauke wuta ita kanta a kan bayanai take. Kwamfuta ba ta rubuta komai a ma'ajiyarta nan take, takan tara wasu a ƙwaƙwalwar wucin gadi tukuna. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, fayil na iya zama rabi. Mafi muni shi ne ta yanke Windows na cikin sabunta kansa. Laftof mai lafiyayyen batir ta tsira daga wannan, wadda batirinta ya mutu ake amfani da ita a jikin caja kullum kuwa ba ta da bambanci da ta tebur.

Idan abin ya riga ya faru, ana fara bincike ne daga bango a nufo ciki. Da farko hanci: in akwai ƙauri, a cire waya, kada a sake gwada kunnawa. In babu, a gwada soket ɗin da wani abu. Filogi mai ƙafa uku irin na Ingila da ake amfani da shi a Najeriya yana da ɗan fiyus a cikinsa, kuma kwamfutoci da dama an ɗauke su har kasuwa alhali shi kaɗai ne ya yanke. A sauya wayar, a gwada wata caja mai irin ƙarfinta. Daga nan a cire komai, har da batir in mai fita ne, a danne maɓallin kunnawa na wajen daƙiƙa 30 don ragowar wutar ciki ta zube, sannan a mayar. Wannan kaɗai kan tayar da na'urar da aka riga aka fid da rai da ita. Masu tsofaffin kwamfutocin tebur na gwanjo da aka shigo da su daga Amurka su duba bayan fawa fak: wasu na da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Idan ya koma kan 115 aka sa shi a wutarmu, fashewa zai yi.

In har yanzu shiru, ko fanka ba ta motsa, sai a gwada wani fawa fak mai kyau. Sauya shi ake yi, ba a buɗe shi, don akwai kayan da ke riƙe wuta mai ƙarfin da zai iya illata mutum ko bayan an cire shi daga bango. In fanka na juyawa amma allon kallo baƙi ƙirin, a gwada wani allon, a zare ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi, a goge a mayar ɗaya bayan ɗaya, a kuma saurari ƙarar da take yi, don yawan ƙarar na nuna inda ciwon yake a littafin kamfanin da ya ƙera ta. Wadda ke tashi amma kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan batirin agogo ne mai lamba CR2032 ya ƙare. Wadda ke tsayawa a tambarin Windows, a bar ta ta yi gyaran kanta ko da zai ɗau lokaci, daga baya a sa ta duba ma'ajiya da umarnin chkdsk.

Amma idan aka ji ma'ajiyar na wani ƙas-ƙas tana maimaitawa, a kashe nan da nan. Kowane kunnawa ƙara kankare abin da ke ciki yake yi.

Wajen mai gyara kuma a buɗe baki a yi magana. Jumlar "bod ne ya ƙone" (wato babban allon) tana da sauƙin faɗa, don haka a tambaye shi ko ya gwada wani fawa fak, kuma me ya auna. A gaya masa tun kafin ya taɓa komai cewa kada ya goge ma'ajiya, don wasu da sun ga Windows ya ƙi tashi sai su ɗora sabo, hotunan biki da lissafin shago da kundin digiri su tafi tare. Ko babban allon ya ƙone da gaske, galibi ana iya zare ma'ajiyar a karanta ta a wata kwamfutar. Sai dai sababbin laftof da yawa suna zuwa da ma'ajiya a kulle da tsarin BitLocker, wanda ba zai buɗe a wata na'ura ba sai da mabuɗi mai lambobi 48. Yawanci ana samunsa a asusun Microsoft na mai kwamfutar, don haka a shiga yau a kwafe shi a takarda, a ajiye a wurin da ba jakar laftof ɗin ba.