Kafin Ka Kwance Kayanka a Zariya

Ina so in yi magana a kan wani al'amari da ya taso mini bara da rani, sa'ad da ake tsakiyar saran rake.

Wani almajirina ne ya zo mini, wanda ya sauke a hannuna shekara goma sha biyu da suka wuce. Yanzu fatauci yake yi, yana saro albasa da mazarƙwaila a ƙasar Kudan da Makarfi, wani lokaci tumatir daga wajen Ikara, yana kaiwa Zariya. Ya gaji da sammako da dawowar dare, ya ƙudura zai kwashe iyalinsa, watau matarsa da 'ya'ya huɗu da tsohuwarsa, su koma can. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, na sami gida, ɗaki uku da rijiya, kuɗinsa bai kai rabin na cikin gari ba. Saura addu'a." Na ce, "Madalla, ɗana. Wa ke dama da kai, wa ke hagu?" Ya ce bai tambaya ba. Na ce, "Wane ne limamin unguwar?" Ya yi shiru. Na ce, "In an yi ruwa, ina yake bi?" Ya ce ai dillali ya ce babu komai. Na ce masa addu'a za a yi, amma kada ya ba da ko kwabo sai mun je tare.

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. A zamanin kakanninmu baƙo ba ya zaɓar wa kansa masauki. Falke in ya isa gari, zango yake nufa, ya sauka a hannun fatoma, shi ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, kuma in rigima ta tashi shi zai tsaya masa. Haka mutanenmu suka yi a hanyar Gwanja, haka suka zauna a zangon Kumasi, haka kuma Sabo ta Ibadan ta kafu a 1916. Malami kuwa in ya yi ƙaura, wurin mai unguwa ake fara kai shi, a san daga inda ya fito da wanda ya karantar da shi. Yau dillali ya maye gurbin fatoma, kuma tsakaninsu akwai nisa. Fatoma yana nan gobe, in ka cutu sunansa ne ya ɓaci. Dillali kuwa da ya karɓi la'adarsa, galibi ɗaya bisa goma na kuɗin shekara, to, shi ke nan, kun rabu.

Wanda zai zauna a Zariya ya kamata ya san ba gari ɗaya ba ce. Akwai birni, cikin ganuwa, inda fada take, inda kuma unguwannin ilmi suke irin su Kona da Juma. Gidajen can yawancinsu na gado ne, kowa ya san kakan kowa, ɓarawo ba ya sakewa, amma baƙo ba ya samun wuri da sauƙi sai yana da wanda zai gabatar da shi. Sabon Gari ta tashi ne bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, aka zaunar da ma'aikata da 'yan kasuwa mutanen Kudu, har wa yau kuma nan ne cibiyar ciniki. Tudun Wada kuwa Turawa sun keɓe ta ne domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba Zazzagawa ba, shi ya sa mutumin Ikara ko Hunkuyi ba ya jin baƙunta a cikinta. Samaru ta cika ta batse tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mai iyali ya yi hattara da ita da duk unguwar da ke jikin babbar makaranta, gama masu gidaje sun gane cewa yanka gida ɗaki-ɗaki a ba ɗalibai ya fi riba, saboda haka haya tana da tsada, kuma maƙwabcinka na bana ba shi ne na baɗi ba.

To, ga abin da ya ruɗi almajirina. Araha tana bakin gari, inda gonaki suka koma filaye, kuma ita yake kallo. Amma kuɗin da ake ba mai gida ba shi ne kuɗin zama ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama rabin haya ga wanda ya yi nisa da wurin sana'arsa. A ce nisan gida ya ƙara maka naira 1,000 kullum, kai da yara masu zuwa makaranta. In ka fita kwana 300 a shekara, naira 300,000 ke nan ta tafi a kan hanya, ba ka ga wanda ya karɓe ta gaba ɗaya ba balle ka ji zafinta. Mutanenmu kayansu ta arewa suke shigowa, na Makarfi ta Tashar Yari a kan hanyar Kano. Wanda abincinsa ke bin wannan hanya, ya je ya kama gida can kudu wajen Gwargwaje don ya ga sauƙi, kullum sai ya ratsa gari duka sau biyu.

Sa'an nan ruwa. Zariya ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwan famfo, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Kada ka tambayi mai gida ko rijiya tana ƙafewa. Tsaya a bakin titi ka tari ɗan ga-ruwa, ka tambaye shi nawa yake sayar da kura a watan Afrilu, kuma daga ina yake turo ta. Shi ba shi da abin da zai ɓoye maka. Ka kuma ja guga da hannunka ka ɗanɗana, ka auna da idonka tsakanin rijiya da masai, naka da na maƙwabta, domin a unguwannin da aka yanka filaye ƙanana sau da yawa bango ɗaya ne ya raba su.

Ruwan da ya fi wannan haɗari shi ne na sama. Kubanni ta ratsa tsakiyar gari, ta raba Tudun Wada da Sabon Gari kafin ta faɗa Galma, kuma akwai ƙoramu da yawa masu zuba a cikinta waɗanda da rani ba ka ganin komai sai yashi da shara. Mu mutanen fadama bai kamata a yaudare mu a nan ba. Wanda ya tashi yana noman rake ya san ƙasar da ruwa ke kwana a kanta ko da a watan Maris ya gan ta: baƙa ce, tana tsagewa, ciyawarta daban. Abin mamaki, mutum ya san wannan sarai in zai sayi gona, amma in ya shiga birni sai ya ajiye saninsa a tasha. Da muka je gidan da aka nuna wa almajirina, na tarar an shafe shi da sabon fenti, amma daga ƙasa zuwa gwiwa fentin ya kumbura yana ɓarewa. Dokin ƙofar kowane gida a layin an ɗaga shi da bulo biyu. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin layin, da na gaishe ta na tambaye ta, sai ta ce, "Malam, mu dai a watan Agusta a kan gado muke ɗora tukwane." Dillali yana tsaye yana duban wayarsa.

Maganar tsaro kuwa ta sake kama. Da can abin tsoro a gari shi ne ɓarawon dare mai haura katanga. A shekarun 2020 da 2021 masu satar mutane sun riƙa shiga gefen Zariya, har suka faɗa wa makarantar Nuhu Bamalli da ke kan hanyar Kaduna a watan Yuni na 2021 suka tafi da malamai da ɗalibai. Gidajen da suka fi shiga hatsari a lokacin su ne na ƙarshen gari, waɗanda bayansu daji ne, babu kowa. Ban ce kowane bakin gari haka yake ba, kuma hali yana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Abin da nake yi in zan auna unguwa shi ne in yi sallar isha'i da ta asuba a masallacinta. In sahun asuba ya cika, da dattawa a ciki, mutane ba sa tsoron fita da duhu ke nan, kuma akwai waɗanda ake jin maganarsu. In ka ga tun bayan magariba an kulle ƙofofi, ko kuwa matasa sun tare kwana suna shaye-shaye ba mai tsawata musu, ka ga amsarka. Ka tambaya ko akwai 'yan sintiri, nawa kowane gida ke bayarwa, wa ke riƙe kuɗin. Wanda zai wuce Kaduna kuwa ya ƙara da sanin cewa tun rikicin shekarar 2000 zaman garin ya rabu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudancinsa, kuma baƙo yana bukatar wanda ya san gari ya yi masa jagora.

Yanzu ga 'yan'uwana malamai, ga wata mas'ala da muke karantarwa a zaure amma mukan manta da ita a kasuwa. Haya ijara ce, ba ta inganta sai an san kuɗi an san ajali. A rubuta, a sa shaidu biyu, a ambaci wanda zai yashe masai da wanda zai gyara rufi. Dalili kuwa, a mashhurin mazhabarmu ba a tilasta wa mai gida gyara. In ɓarna ta yi yawa, abin da mai haya ke da shi shi ne zaɓi, ya zauna ko ya fita. To, wanda ya biya shekara guda gaba ɗaya, ina amfanin zaɓin fita gare shi in ba a rubuta za a mayar masa da saura ba? A kuma duba takardar wuta, kada ka gaji bashin wanda ya tashi.

Mai niyyar saye kuwa nauyinsa ya fi haka. In gidan gado ne wanda ba a raba ba, ɗaya daga cikin magada ya sayar maka da rabonsa, sauran suna da haƙƙin shuf'a, su biya ka abin da ka bayar su karɓe, ko da ka riga ka sauke kaya. Ta fuskar hukuma kuma, tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birane suna hannun gwamna ne, takardar da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce ta ciniki, amma ba ta hana rusau. A 2021 an rushe gidaje masu yawa a unguwar Graceland a Zariya bisa cewa filin na makarantar koyon tuƙin jirgin sama ne, kuma cikin masu gidajen akwai waɗanda da kuɗinsu suka saya. Kafin ka biya, ka je ofishin KADGIS a duba maka matsayin filin, ka kuma tabbata KASUPDA ta yarda da ginin. Malamin da zai tafi da almajirai kuma ya tuna da 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka kwashe almajirai aka mayar da kowa jiharsu. Ya fara samun yardar mai unguwa da maƙwabta, ya tanadi makwanci da makewayi da abin da yara za su ci, tun bai kunna wutar karatu ba.

Almajirina dai bai kama wancan gida ba. Mun kwana biyu a wurin wani abokin karatuna a Tudun Wada, shi ya haɗa mu da wani dattijo mai sayar da hatsi, mutumin ƙasar Makarfi, wanda ya shekara talatin a wajen Dogarawa. Dattijon ya kai mu wurin mai unguwa, sa'an nan ya nuna mana ɗaki biyu a gidan da mai shi yake zaune a ciki da iyalinsa. Kuɗin ya fi na farko, wurin kuma ya fi ƙunci, amma motar albasa tana sauke masa kaya kusa, yara suna zuwa makaranta da ƙafa. Da damina ta yi tsakiya ya koma waccan unguwa don ya gani da idonsa, ya ce bai iya shiga layin ba sai da ya naɗe wando. Tsohuwarsa ce kaɗai har yanzu ba ta huce ba, domin babu inda za ta ɗaure awakinta. Suna nan a gidana, guda uku, ɗaya ta haihu.