Bokitin ƙanƙara da sauron Adar

A shekarar 2014, wani yayi ya mamaye Facebook: mutum ya sheƙa wa kansa bokitin ruwan ƙanƙara, a ɗauki hotonsa, sannan ya ƙalubalanci abokinsa. Wasan ya tara wa wata ƙungiya dalar Amurka miliyan 115 don yaƙar ALS, cutar da ke kashe jijiyoyi.

A Buza da Keita, inda mata ke shan tafiya kafin su cika tulu, wa zai yi wa ruwa wannan ɓarna? Abin da ke gudu a nan shi ne saƙon murya na WhatsApp, daga salular ɗan kasuwar Madawa har zuwa ƴan bida a Abijan.

Cutar da ta cancanci irin wannan yayi kuwa sananniya ce: masassarar cizon sauro. A 2013, ƙungiyar MSF ta soma ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi a Madawa da Buza, kwana uku kowane wata cikin damina. Yaron da zagaye guda ya wuce shi, kariyarsa ta yanke.

Salular da ke yaɗa jita-jita tana iya tuna wa uwa ranar rabon maganin. Rigakafi dai ya fi magani.