Gyaran Madafa da Makewayi a Gidaje

Da yawa daga masu gida, in sun sami hali suka tashi gyara, sukan fara da zaure da shigifa, watau inda baƙo zai gani, su bar madafa da makewayi sai kuɗi sun ƙare. Ana so Hakimai da malamansu su lura da wannan al'amari in sun fita rangadi, gama da yawa daga cututtukan da ke kwantar da iyali daga wuraren nan biyu suke fitowa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wurin da za a haƙa salga. Lalle ne ta yi nisa da rijiya kamar ƙafa 100, watau mita 30, ta kuma kasance ta gangare, kada ruwan sama ya bi ta kanta ya nufi rijiya. Ba yau aka gane dalilin wannan ba. A 1854 cutar kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi sawun waɗanda suka mutu, ya tarar mafi yawansu famfo guda suke ɗiba. Daga baya aka ga ashe ramin ƙazanta ne kusa da rijiyar yake tsiyaya ciki. Cutar nan ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, har yanzu kuwa takan komo da damina. A ƙasar fadama, inda ruwa ke kusa, kada a zurfafa rami har ya cim ma ruwa. Gara a ɗaga ginin sama.

Irin salgar da ta fi dacewa da ƙauye ita ce mai bututu, wadda Peter Morgan ya ƙago a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, cikin shekarun 1970. Ana kafa bututu mai faɗin inci 4 ko fiye daga cikin rami, ya zarce rufin ɗaki da kamar kamu ɗaya, a ɗaure raga a bakinsa. Iskar da ke wucewa ta bisa ita ke zuƙe wari ta fitar. Cikin ɗakin kuwa da gangan ake barinsa da ɗan duhu, domin ƙudan da ya ƙyanƙyashe a rami haske yake nema. Sai ya hau bututu, raga ta tare shi, ya mutu nan. Saboda haka irin wannan salga ba a rufe bakinta da murfi, don kada a toshe hanyar iska, ko da yake mutane da dama sukan yi haka da kyakkyawar niyya. Raga kuma takan ci tsatsa ta huje, sai a riƙa duba ta. Magini ya san kada mazauni ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, amma ba laifi a tuna masa tun kafin ya zuba siminti.

A birane yanzu an fi sha'awar masai irin na Turawa mai ruwa, da tayil har bango. Abu ne mai kyau inda famfo ke zuwa kullum. Inda ba ya zuwa, kowace korawa tana cin lita 6 ko fiye, masai kuwa in ya rasa ruwa ya fi kowace salga ƙazanta. Tayil mai santsi na bango ne. A ƙasan wurin wanka a sa mai kaushi, saboda tsofaffi da mata masu ciki, a karkatar da daɓen wajen rariya, ruwan ya faɗa ramin da aka cika da tsakuwa, kada ya kwanta a lungu ya zama gidan sauro.

Batun madafa kuwa, babban abokin gaba hayaƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 a shekarar 2020, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya. Mata da 'ya'yan da suke goye su suka fi shaƙarsa. A buɗe taga biyu masu duban juna, ɗaya can sama kusa da rufi. Murhun laka da aka kewaye, wanda tukunya ke zama daram a bakinsa, ya fi duwatsu uku tsimin itace, yaro kuma ba ya faɗawa wuta da sauƙi. Wanda ya koma ga gas ya sani iskarsa ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, in ta yi yoyo ƙasa take kwantawa, don haka a bar kafa kusa da daɓe, tukunyar gas kuma ta tsaya a tsaye nesa da wuta. Da hunturu kada a shiga da kaskon gawayi ɗakin da aka rufe, an sha rasa rayuka ta haka cikin barci.

A 2022 aka ayyana Jihar Jigawa a matsayin ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili. Hakimin da ke son ƙasarsa ta bi wannan hanya sai ya sa malaminsa ya rubuta, unguwa unguwa, gidajen da ba su da salga da waɗanda salgarsu ta matsi rijiya, a ba Dagatai da duba-gari kafin ruwa ya sauka, gama da rani rami ba ya saurin ruftawa.