Vijay Singh, Gwanin Ƙwallon Lambu Da Ya Farfaɗo A Nijeriya

Jama'ar Mafara da Bakura da Maradun sun san dambe, sun san kokawa, sun san ƙwallon ƙafa. Akwai wani wasa kuma da ake jin labarinsa a rediyo, ana kiransa golf, wato ƙwallon lambu. A nan Arewa akwai filayensa a Kano da Kaduna da Jos. Yau za mu ba ku labarin wani gwanin wasan, wanda tauraronsa ya fara haskawa a ƙasarmu.

Bari mu fara da yadda ake wasan. Fili ne babba mai ramuka 18. Ƙwallon ƙarama ce, ba ta fi ƙwan kaza ba. Ana bugunta da sanda mai kan ƙarfe har ta faɗa rami, sannan a wuce rami na gaba. Kowane bugu ana lissafa shi. Wanda ya gama da bugu mafi kaɗan shi ne ya ci. Ka ga ke nan ya sha bamban da ƙwallon ƙafa, inda mai yawa ke cin mai kaɗan.

Akwai wata doka mai tsanani. Kowane ɗan wasa yana da kati. Abokin wasansa ne ke rubuta masa yawan bugun da ya yi a kowane rami. In an gama sai ya duba, ya sa hannu. Wanda ya sa hannu a kan lambar da ba ta kai bugunsa ba, fitar da shi ake yi daga gasa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An haifi Vijay Singh a 1963 a garin Lautoka, cikin ƙasar Fiji. Fiji tsibirai ne a tsakiyar teku, can gabas da Ostareliya. Asalinsa Ba'indiye ne, domin tun 1879 Turawan Ingila suka riƙa kai Indiyawa can aikin gonakin rake. Mahaifinsa makanikin jirgin sama ne, shi ya koya masa wasan. Kayan wasan nan suna da tsada, shi ya sa ake ce masa wasan masu hali. Singh da kansa ya ba da labari cewa suna yara ba su da kuɗin sayen ƙwallo, da 'ya'yan kwakwa suke gwaji.

A 1982 ya mai da wasan sana'a. A 1984 ya ci gasa a ƙasar Maleshiya. Sai a 1985 masifa ta same shi a Indonesiya. Aka zarge shi da rage bugu ɗaya a katinsa. Ya musanta, amma aka dakatar da shi daga gasannin nahiyar Asiya. Dubi abin: lamba ɗaya tak a takarda, ta rufe wa saurayi mai shekara 22 hanyar abinci.

Ya koma tsibirin Borneo (ba Bornonmu ba, wannan yana Asiya), yana koya wa mutane wasan a kan kuɗi kaɗan. In ya tashi aiki sai ya ci gaba da bugu shi kaɗai cikin rana. Ya tara ɗan guzuri, ya nufo Afirka.

A 1988 ya shiga babbar gasar Nijeriya a Legas, ya cinye. A ƙarshen shekarar ya sami izinin shiga gasannin Turai. A 1989 ya ci gasa a Italiya, ya ci ta Kwaddibuwa, ya kuma sake cin ta Nijeriya. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1993 ya shiga gasannin Amurka, inda manyan kuɗi suke.

A wannan wasa akwai gasa 4 da suka fi kowacce daraja a duniya. Singh ya ci irinsu sau 3: a 1998 da 2000 da 2004. Ta 2000 ita ce ake kira Masters, wadda ake sa wa zakaranta koriyar kwat.

Shekarar 2004 ita ce kakarsa. Ya ci gasa 9 a Amurka, ya sami sama da dala miliyan 10. A lokacin Tiger Woods na Amurka ya yi mako 264 a jere yana na ɗaya a duniya. A watan Satumba suka haɗu a fili ɗaya, Singh ya doke shi, ya karɓe matsayin. Shekarunsa 41 a lokacin, Woods kuwa 28. A dambe, mai irin waɗannan shekaru ya daɗe da kwance zare ya koma gefen makaɗa. Ƙwallon lambu ya fi son natsuwa da saiti, saboda haka mutum yakan daɗe ana yi da shi.

Abokan wasansa sun shaida cewa ya fi kowa daɗewa a wurin gwaji, sau da yawa sai duhu ya kore shi. A ganinmu wannan ne ya riƙe shi. Gasa 34 ya ci a Amurka, 22 daga ciki bayan ya cika shekara 40. Da ya kai 50 a 2013 sai ya shiga rukunin dattawa, a 2018 ya ci ɗaya daga manyan gasanninsu.