Malamin Zane a Gindin Duwatsun Mumuye

Wanda ya bar Jalingo ya ɗauki hanyar Zing ba zai yi nisa ba duwatsu za su fara tare masa ido, kunyoyin doya suna bin gindinsu har inda fartanya ta iya kai wa. Ƙasar Mumuye ce. A ɗaya daga ƙauyukanta akwai wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo, azuzuwa a jere ƙarƙashin kwano, tagogi babu marufi, da bishiyar darbejiya wadda ita ce ofishin malamai idan rana ta take. A can wani mutum yake koyarwa wanda gari duka ke kira Malamin Zane. Dattijo ne a majami'arsu, shi ke jan waƙa ranar Lahadi, kuma in mai bishara ya yi tafiya shi ake ba wa'azi.

Tun duhu bai washe ba ake buga tsohon ƙarfen mota da ke rataye a ƙofar majami'a, masu bi su taru don addu'ar safe. Da Hausa ake karatu, da Hausa ake waƙa, ko da yake a gida Mumuyanci kowa ke yi. Haka abin yake a yawancin ikilisiyoyin wannan yanki tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Daga nan Malam ya leƙa gona, don albashin malami shi kaɗai ba ya riƙe gida, bare in ya makara. Ƙarfe takwas yana aji, da sauran ƙasa a faratansa.

Darasin da yake koyarwa ba zane kaɗai ba ne a takarda. Tun da aka fito da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara a 2007, an haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo wuri guda aka ɗora wa malami ɗaya. Kayan aiki kuwa manhaja ba ta zo da su ba. Fenti da burushi sai an je Jalingo, kuma kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake shawara. Don haka Malam ya mai da daji shagonsa. Gawayi ne fensirinsa. Jar ƙasa da farar ƙasa daga bakin rafi ake ɗebo su, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan ƙaro don su kama takarda. Gangamau ke ba da rawaya, zoɓo ya ba da ja wanda ba ya jimawa yake koɗewa. Burushi kuwa ɗan icce ne da aka tauna bakinsa ya yi laushi. Takarda ita ce bayan tsohuwar kalanda, ko kwalin sabulu da aka warware.

Akwai darasin da yake yi wa kowane sabon aji. Sai ya ɗora doya guda a kan tebur, ya ce a zana. Kafin ka ce kwabo yara sun gama, kowa ya zana wani dogon abu sumul mai kama da na ɗan'uwansa, babu wanda ya ɗaga kai ya dubi tebur. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: ina saiwar nan da ta fito a gefe, ina inda fartanya ta sare ta, ina kan da ya fara tsiro? Yaran nan a cikin doya aka haife su, sun san ta da hannu, sun san ta da baki, amma ba su taɓa tsayawa sun dube ta ba. A karo na biyu aji yakan yi tsit. A ganina wannan darasi ya fi rabin abin da ke cikin littafin manhaja amfani, domin yaron da ya koyi kallon doya zai iya kallon taswira, zai iya kallon ciwo a jikin akuya.

Iyaye ba haka suke gani ba. Abin da aka fi faɗa masa shi ne, "Malam, zane ai wasa ne, a koya masa lissafi." Amma mai faɗar haka shi ne gobe zai yi sallama a ƙofar gidansa da katako a hammata, yana so a rubuta masa sunan shago. Gicciyen da ake kafawa a kan kabari, hannun Malam ne. Tutar zumuntar mata da ake ɗagawa a taron gunduma, hannunsa ne. Taswirar Nijeriya a bangon makaranta, da hoton zuciyar ɗan Adam da malamin kimiyya ke nunawa da tsinke, duk shi ne. Ladan yawanci "Allah ya saka" ne, wani lokaci da doya biyu ko kaza.

Inda maganar take da nauyi shi ne sassaƙa. Kakannin waɗannan yara suna cikin gwanayen masassaƙa na Afirka, kuma duniya ta san da haka ko da ƙauyen ya manta. Mutum-mutumin Mumuye ba ya ɓace wa wanda ya taɓa ganinsa: dogon wuya, ƙaramin kai mai tukku, manyan kunnuwa, sai hannuwa biyu da suka sauko daga kafaɗa suka kewaye gangar jiki ba tare da sun taɓa ta ba, har sararin da ke tsakani ya zama wani ɓangare na aikin. Da gizago da wuƙa aka yi shi, daga gungume guda. Masu magani da masu duba da masu roƙon ruwa ke ajiye su a ɗakunan tsafi. Daga ƙarshen shekarun 1960, lokacin yaƙin basasa, dillalai suka riƙa kwashe su ta iyakar Kamaru zuwa Turai. Wani Ba'amurke mai bincike, Arnold Rubin, ya zagaya kwarin Binuwai a waɗannan shekaru yana ɗaukar hotuna, yana rubuta abin da ya tarar. A 2011 aka buɗe babban baje kolin ayyukan hannu na kwarin Binuwai a gidan tarihi na Fowler da ke Los Angeles, daga baya aka kai shi har Paris. Yau ɗan Mumuye da ke son ganin aikin kakansa sai dai ya nemi wayar da ke da data.

Dillalai ba su kaɗai suka raba mutane da waɗannan kaya ba. Bishara ta shigo wannan yanki na ƙasar Muri ta hannun 'yan mishan irin su C. W. Guinter, wanda ya kafa tasha a Bambur a 1923, kuma wanda ya tuba a wancan zamani alamarsa ta farko ita ce ya rabu da kayan tsafi. Wasu an ƙona, wasu an bar wa gara, wasu an sayar da arha tunda ba a bukatarsu. Malam jikan waɗanda suka yi haka ne, kuma ba ya zarginsu. Ya san tsoron da suka fito daga cikinsa. Shi kansa ba zai shiga ɗakin tsafi ba, ba zai ci naman da aka yanka a can ba. Amma yana buɗe hoton sassaƙar a waya ya nuna wa aji, ya ce su dubi yadda aka karkata kafaɗa, su dubi yadda ƙafafu suka ɗauki nauyi, sannan ya ba su yumɓu.

Wannan bai yi wa wasu dattawan ikilisiya daɗi ba. Hujjarsu a Littafin Fitowa take, sura ta 20, inda aka hana yin gunki. Tasa hujjar ita ma a Fitowa take, sura ta 31, inda aka ambaci Bezalel, gwanin sassaƙa da ƙira da Allah ya ba hikimar aikin hannu don gina alfarwa ta sujada. A wurinsa laifin a durƙuso yake, ba a gizago ba. Dattawan kuma suna cewa yaro bai san wannan bambanci ba, kuma ba a daɗe da fitowa ba har da za a koma ana wasa a bakin ramin. Ban ga wanda ya yi wauta a cikinsu ba. Mutanen da suka binne iyayensu a kan wannan magana suna da ikon yin taka-tsantsan.

Rigimar ba a ƙauyen aka fara ta ba. A 1947 wani limamin Katolika, Kevin Carroll, yana cikin waɗanda suka buɗe wurin aikin hannu a Oye-Ekiti, suka sa masassaƙan Yarabawa suna yi wa majami'u ƙofofi da siffofi da salon garinsu. Fitaccen wanda ya taso a hannunsa, Lamidi Fakeye, Musulmi ne. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga ɗaliban da suka yi ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, ya zana wa wata majami'a a Ebute Metta ta Legas matakan tafiyar Yesu zuwa gicciye da fuskoki da tufafin Afirka. Su ma sun sha suka daga masu bin da suka saba da hoton Bature. Katolika dai sun fi sassauci ga siffa a ɗakin sujada, kuma suna da ƙarfi a nan: an kafa dayosis ɗinsu na Jalingo a 1995, bishop ɗinsa na farko kuwa ɗan garin Kona ne, Ignatius Kaigama, wanda yanzu yake Abuja. Majami'ar Malam ba ta wannan layi ba ce. Bangonta fari ne fat, sai gicciye da allon lambobin waƙa.

A ajinsa akwai 'ya'yan Fulani daga rugagen kusa, da 'ya'yan Hausawa 'yan kasuwa. Wasu iyayensu ba sa son yaro ya zana mai rai, kuma Malam bai taɓa jayayya da su ba. Sai ya ce wa yaron ya je ya kwafo zanen da ke jikin ƙwaryar nonon innarsa, ko dagin da ke wuyan rigar babansa, ko zayyanar allon wanda ya yi sauka. Yarinya ta zo da zanen lalle. Maki ɗaya ake bayarwa, kuma sau da yawa su ke zuwa da layin da ya fi na kowa tsabta. A ƙasar da har yanzu ake tuna yadda Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci Kona da taimakon igwar Bafaranshe Mizon, kafin a kafa Jalingo a 1893, mutum ba ya bukatar a gaya masa ya iya takunsa a kan abin da ya shafi addinin maƙwabci.

Abin da ke cin sana'arsa yanzu ba dattawa ba ne, injin buga hoto ne. Tun da Jalingo ta zama babban birnin jiha a 1991 take faɗaɗa, kuma yau ko'ina akwai shagon da zai buga maka tuta a kan leda cikin awa guda, da hotonka da launi kala-kala. Masu shago sun fara kai aikinsu can. Taron majami'a ma haka: a sauko da hoto daga intanet, Yesu mai farar fata da gashi har kafaɗa, riƙe da ɗan rago fari, a buga a rataye a bakin ƙofa, babu dattijon da ya ce uffan.

Malam ya lura da wannan, ya kuma kai roƙo gaban majalisar dattawa: a ba shi bangon ɗakin makarantar Lahadi, ba na majami'a ba, ya zana misalin mai shuka, manomi baƙi da fartanya a kafaɗa, duwatsun garin a bayansa. Ya ce fenti daga aljihunsa, ɗalibansa za su taya shi. Majalisa ta saurare shi har ƙarshe, ta yi addu'a, ta ce a bari sai bayan godiyar girbi, in fasto ya zo daga gunduma a ji ta bakinsa.