Fim ɗin da ke buɗe wa ɓarawo ƙofa

Ranar 27 ga watan Yuli na shekarar 2015, wani kamfanin tsaron na'urori na Amurka mai suna Zimperium ya ba da sanarwar da ta tada hankalin masana. Wani ma'aikacinsa, Joshua Drake, ya gano kafa a cikin wayoyin salula masu aiki da tsarin Android, kuma an ƙiyasta cewa wayoyi kimanin miliyan 950 ne abin ya shafa. Kafar tana cikin sashen da ke karanta fim da sauti, wanda ake kira Stagefright. Mai mugun nufi ba ya bukatar taɓa wayar. Lambarta kawai zai sani, ya aika da ɗan guntun fim ta saƙon MMS. A wasu wayoyin, tun kafin mai ita ya buɗe saƙon aikin ya gama.

Yaya hoto mai motsi zai zama makami? Sai mu yi misali da mangazar hatsi. Kowane fim yana ɗauke da bayani a goshinsa, kamar rubutun da ke jikin buhu, mai faɗin yawan abin da ke ciki. Wayar takan karanta bayanin, ta tanadi wuri daidai da shi. Idan magajin mangaza ya gaskata rubutun ba tare da ya auna ba, ya share wurin tiya 10 alhali tiya 40 ce ke tafe, hatsin zai malala har ya rufe littafin lissafi. Haka abin yake a cikin waya: abin da ya malala yakan hau kan umurnin da take bi. To, ɓarawon ya riga ya shirya abin da zai malala, ya cusa nasa umurnin a ciki. Daga nan wayar ta shiga yi masa aiki daga nesa, har a wasu wayoyin ya iya kai wa ga abin ɗaukar hoto da na ɗaukar magana.

Tun watan Afrilu na wannan shekara Drake ya sanar da kamfanin Google, ya haɗa masa da gyara. Amma gyaran sai ya bi ta hannun masu ƙera wayoyi da kamfanonin sadarwa kafin ya isa ga jama'a, kuma tsofaffin wayoyi da dama ba su taɓa samunsa ba. Wannan ya sa a watan Agusta Google da Samsung suka yi alkawarin fitar da gyaran tsaro kowane wata. A 2016 kuma, cikin Android 7, aka rarraba sashen fim gida-gida, don idan an fasa ɗaki guda kada a shiga sauran.

An toshe kafar Stagefright, amma irinta ba ta ƙare ba. A 2017 kamfanin Check Point ya nuna cewa rubutun fassarar da ke fitowa a ƙasan fim yana iya ɗaukar mugun umurni a VLC da Kodi. A watan Nuwamba na 2019 Facebook ya sanar da wata kafa a WhatsApp, wadda ita ma ta hanyar fim ake shiga. Duka an gyara su, amma gyara ba ya amfanar wanda bai karɓe shi ba.

Ƴan uwa masu karatu, mu ma finafinai na yawo tsakaninmu dare da rana, kuma da yawa daga cikinmu tsofaffin wayoyi muke riƙe da su. Saboda haka, duk sa'ad da waya ta nemi a sabunta ta, kada a jinkirta don tsoron kuɗin intanet. A shiga wurin saiti a hana ta sauke fim da kanta. Fim daga lambar da ba a sani ba, a share shi. Ma'aikacin gwamnati kuwa, wanda ke ajiye takardun ofis a wayarsa, ya duba kwanan watan gyaranta na ƙarshe. Idan kamfanin da ya ƙera ta ya daina aiko mata da gyara, kada ya sake ba ta amanar asirin aiki.