Ba Kowane Baƙin Cikin Rashi Ne Rashin Haƙuri Ba

A watan Mayun 2022, ana tsakiyar hidimar ƙaramar Sallah, kwale-kwale ya kife da yara a ƙaramar hukumar Mai'adua, aka rasa rayuka fiye da goma. An yi jana'iza, an yi zaman makoki, masu gaisuwa sun watse. Abin da ke damuna shi ne halin da iyaye ke shiga bayan an naɗe tabarmi, domin a ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, muna da tsarin raka mai rashi har zuwa sadakar arba'in, matar mamaci kuma takabarta wata huɗu da kwana goma ce. Bayan nan sai mu sa ran kowa ya koma harkarsa. Wanda bai koma ba, mu ce ba shi da tawakkali, ko mu ce iska ce ta taɓa shi.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun bambance abubuwa uku da mu muke zubawa a ƙwarya ɗaya. Akwai jimamin da ya ƙi gushewa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, idan ya wuce wata shida kuma ya zarce abin da al'adar mutum ta saba. Likitocin Amurka su sun ce sai an shekara. Cibiyar wannan ciwo ita ce begen mamacin. Uwa ce za ka tarar tana ajiye da kayan Sallar ɗanta a ƙasan akwati, tana ciro su kullum, zuciyarta ta ƙi yarda ya tafi, har girki da zumunci sun gagare ta. Ba gudun tunawa take yi ba, nemanta take yi.

Mai ciwon razana kuwa akasin haka ne. Shi yadda mutuwar ta auku ne ke binsa: ihun bakin ruwa, gawarwakin da aka jera. Yana mafarkin abin, yana zabura da ƙaramin motsi, yana canza hanya don kada ya ga gulbi. Tsoro ne ke mulkinsa, ba kewa ba. Direbobin da ke jigilar 'yan kasuwar Mai'adua zuwa Kongolam da Daura, waɗanda suka taɓa ciro abokin aiki daga motar da ta yi haɗari, sun san abin da nake nufi.

Ciwon damuwa shi ba ya tsayawa kan mamaci. Duniyar ce gaba ɗaya ke rasa ɗanɗano, barci da abinci su lalace, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani.

Bambancin yana da muhimmanci ne saboda magani. Binciken da Dakta Katherine Shear ta Jami'ar Columbia ta jagoranta ya nuna ƙwayar maganin damuwa tana sauƙaƙa damuwar, amma ba ta cika taɓa begen ba. Abin da ya yi aiki shi ne zama goma sha shida na tattaunawa da ƙwararre, inda mai rashi ke ba da labarin mutuwar da bakinsa, a hankali ya sake ɗaura niyyar rayuwa. Don haka wanda ya je kemis ya sayo wa gyatumarsa maganin barci bai kama hanya ba tukuna.

Marigayi Shugaba Buhari, ɗan wannan masarauta, ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma mutumin Mai'adua da ke neman ƙwararre sai ya nufi Katsina, ko Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna. A ganina, abin da ya fi kusa shi ne a koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da limamai da ungozomai su riƙa tambayar mai rashi, bayan wata shida, ko kewa ce ke hana shi barci, ko tsoro, ko kuwa komai ne ya fita daga ransa.